Yadda Ake Raba Tufa da Laka Ba Tare da An Kashe Rigar Ba

Yawancin rigunan da laka take lalatawa a lokacin damina, a hannun masu su suke lalacewa, cikin 'yan mintunan farko bayan abin ya faru. Adaidaita sahu ya faɗa rami ya watsa wa mutum caɓi a gefen kaftani, sai ya yi maza ya zaro hankici, ko ya sayi ruwan leda ya tsiyaya a wurin ya hau murza. Kafin ya isa inda za shi, 'yan ɗige-ɗigen sun haɗe sun zama jirwaye guda mai faɗin tafin hannu, ƙasar da ɗazu take zaune a saman yadi kuma ta nutse can cikin zare. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Sanin dalilin haka yana sauƙaƙa duk abin da zai biyo baya. Laka ba ta narkewa ta shiga jikin zare irin yadda manja ko ruwan goro suke yi. Ƙwayoyin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko, manya da ƙanana. Yadi kuwa tamkar rariya yake: tsakin rairayi yana tsayawa a sama, lallausan garin yumɓu shi ke wucewa. Ƙwayar yumɓu ba ta kai kashi 2 cikin 1000 na milimita ba, ido ba ya iya ganin guda ɗaya, don haka ba ta da wuyar kutsawa tsakanin silin auduga ta maƙale. Ruwa ne ke ɗauke da ita. Muddin wurin yana jiƙe, duk murzar da aka yi ƙara tura ta ciki ake yi.

Kuma ba kowace laka ce ɗaya ba. Wanda yake zaune a ƙasar jigawa, irin ta Gumel ko ta Maraɗi, inda rairayi ya fi yawa, wankinsa ba ya ba shi wahala sosai, kaɗewa da ɗauraya sun isa. Baƙar lakar fadama, irin ta bakin kogin Haɗeja, tana da danƙo da ruɓaɓɓen ganye a cikinta, tana manne wa tufa ƙam, amma idan aka bi ta a hankali tana fita tas. Mai taurin kan ita ce jar ƙasa, wadda ake haƙowa a zuba a hanyoyin burji da wuraren gini, wadda kuma ta cika Kudancin Kaduna da wajajen Abuja. Janta na ƙarfe ne. Sinadarin da ke ba ta wannan launi ɗan'uwan tsatsa ne, irin wadda ke cin kwanon rufi, shi ya sa sabulu yake cire ƙasar ya bar inuwarta. Za mu zo kanta, don ita ce ke buƙatar dogon bayani.

A bar ta ta bushe

Idan lakar ta yi tudu a jikin tufa, a sa bayan cokali ko wuƙar da ba ta da kaifi a ɗebe ta sama-sama, ana ɗagawa, ba a shafawa. Daga nan a rabu da ita. A rataye rigar inda iska ke kaɗawa, ƙarƙashin rumfa ko a gaban fanka, har wurin ya bushe ƙamas, ya zama idan an lanƙwasa yadin lakar tana tsagewa.

A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Kano da kewayenta kuma rana kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba, wannan busarwa tana buƙatar lura. Kada a dunƙule rigar a jefa cikin kwandon wanki a ce sai ranar Asabar. Danshi da zafi da laka idan suka haɗu, cikin kwana ɗaya ko biyu fumfuna za ta fito, waɗannan baƙaƙen ɗige-ɗige da suka fi lakar kanta wuyar fita. Kada kuma a ɗora dutsen guga don a gaggauta bushewa.

Akwai lakar da ba a jira. Wadda ta haɗu da ruwan kwata, ko ta kasuwar kara mai cakuɗe da kashin shanu, ko wadda ambaliya ta bari bayan ta bi ta masai da bola, wannan a ɗauraye ta nan take, a waje, da ruwa mai yawa, a kuma sa safar hannu ko a ɗaura leda idan akwai ciwo a hannu. Ƙazanta ce mai ɗauke da cuta, kuma idan ta bushe a tufa warinta yana zama. Ta fuskar tsarki ma bambancin yana nan: malaman fiƙihu na Malikiyya sun yi rangwame ga taɓon ruwan sama na kan hanya matuƙar najasa ba ta rinjaye shi ba, amma abin da ya fito daga kwata ƙarara sai an wanke shi kafin a yi salla da tufar.

To, laka ta bushe. A fita tsakar gida da rigar a karkaɗe ta sosai, a murtsuke wurin tsakanin yatsu a hankali har ɓawon ya farfashe ya zube. Sai a bi da buroshi. Wandon jins da kakin makaranta suna jure buroshin wanki mai tauri. Shadda da boyel da yadi mai laushi, tsohon buroshin goge baki ya ishe su, kuma a riƙa bin layin saƙa zuwa gefe guda, ba kai-da-kawowa ba. Mutum zai yi mamakin yawan abin da ke fita a wannan mataki tun ruwa bai taɓa rigar ba. Duk ƙwayar ƙasar da ta faɗi yanzu, an huta da kokawa da ita a cikin baho.

Ruwa daga baya, sannan jiƙo

Buta ce ta fi dacewa da wannan aiki. A juya rigar ciki ya koma waje, a shimfiɗa wurin tabon a bakin bokiti, fuskar da laka ta taɓa tana kallon ƙasa, a ja yadin ya yi tauri, sannan a riƙa tsiyayo ruwa daga ɗan nesa a bayan tabon. Ta inda ƙasa ta shiga, ta nan ake so ta fita. Wanda ya zuba ruwa ta fuska, ya kora ta cikin zare ne. A ci gaba har ruwan da ke ɗiga cikin bokiti ya daina yin ja.

Ruwan sanyi ake so a nan. Mutane da yawa suna ganin tafasasshen ruwa ya fi cin datti, kuma ga maiƙo haka ne, amma laka tana tafe da abubuwan da zafi ke dafawa su kama zare, irin su ruwan ciyawa da kashin dabbobi. Zafi kuma yana sa atamfa zuba.

Sai jiƙo. A cika baho da ruwan da bai wuce ɗumin jiki ba, a zuba garin sabulu, Omo ko Klin ko Ariel ko wanda ke gida, kimanin cokali 2 zuwa 3 na cin abinci a lita 10, a dama har ya narke gaba ɗaya kafin a saka tufa. Garin da bai narke ba yakan zauna a kan yadi mai launi ya bar fari-fari. Yawancin irin wannan sabulu yana ɗauke da sinadaran enzayim masu cin dattin da ya fito daga tsiro da dabba, kuma a ruwa mai ɗumi suka fi aiki, tafasasshen ruwa kashe su yake yi. Minti 30 zuwa awa ɗaya ya isa ga yawancin kaya. Farar auduga tana iya kai awa 3 ko 4. Kwana a cikin ruwa, a irin zafinmu, tsami kawai yake jawo wa tufa.

Abu biyu ne a nan da ake yawan sakaci da su. Na farko, mai laka ita kaɗai ake jiƙa ta. Idan aka haɗa wandon gona da fararen singileti a baho ɗaya, garin yumɓun da ya saki wandon zai bi ruwa ya sauka a kan singiletin, su fito da wani duhu-duhu da ba a san daga ina ya zo ba. Na biyu, idan jiƙon ya yi, a ɗaga tufar sama a cire ta daga bahon tukuna, kafin a zubar da ruwan. A shafa gindin bahon da yatsa, za a ji diddigar ƙasa ta kwanta. Wanda ya karkata baho ya tsiyaye ruwan alhali rigar tana ciki, ya mayar mata da abin da ya cire. Idan ruwan farko ya yi ja sosai, a canza shi a sake jiƙawa. Ruwa biyu marasa yawan kumfa sun fi ruwa ɗaya da aka zazzage masa rabin leda.

Bayan jiƙo, a shimfiɗa wurin a tafin hannu a goga masa sabulun sanda, ko sabulun solo, har ya yi kauri. A bar shi kamar minti 10. Sai a cuɗa yadi da yadi, da tafin hannu ba da ƙarfin damtse ba, ana tsomawa a ruwa ana dubawa. Dirza tufa a kan siminti ko dutse yana fitar da datti, gaskiya ne, amma tare da fatar yadin yake fitarwa, wurin ya koɗe ya yi gashi-gashi, kuma nan gaba nan ne zai fara kama ƙura.

Kanwa tana da nata amfani. Guntu kamar ƙwayar dabino, a jiƙa a tace a zuba cikin lita 10, tana tausasa ruwa mai nauyi kuma tana taimaka wa sabulu a kan baƙar laka mai danƙo. Kayan gona da na leburanci suna son ta. Sai dai ba ta yi wa jan tabo komai, tana koɗar da launi idan ta yi yawa, kuma ba a kusantar da ita ga ulu ko siliki.

Maganar ruwa ta kawo mu ga wata matsala da ake ɗora wa sabulu laifinta. Da damina rijiyoyi da yawa sukan gurɓace, abin da ɗan garuwa ya kawo ma wani lokaci da launinsa yake zuwa. Wanke farar riga da irin wannan ruwa ƙara mata laka ne. A bar shi ya kwana a cikin jarka ko randa ya kwanta, a tsiyaye na sama. Idan ana sauri, ɗan alif kaɗan, wanda wasu ke kira alam, kimanin rabin ƙaramin cokali a jarka guda, yana tattara dattin ya kai shi ƙasa cikin awa ɗaya ko biyu. Kaɗan ɗin nan ake nufi, don idan ya yi yawa sabulu ba zai yi kumfa ba. Dakakken ƙwallon zogale ma yana yin wannan aiki. Akwai kuma burtsatsen da ruwanta ke fitowa garau, amma idan ya zauna a bokiti sai ya juya ja-ja ya bar zobe a jikin roba. Wannan ruwa yana da ƙarfe a cikinsa, kuma shi da kansa yana rina fararen kaya a hankali. Mafi kyawun ruwan wanki a wannan lokaci kyauta yake saukowa. A tara bokiti a bakin indararo, a bar na farko ya wanke rufin ya wuce, a tari na bayansa. Ruwan sama ba shi da nauyi, sabulu kaɗan yake ci, ɗauraya ba ta wahala.

Jan da ya ƙi fita

An kaɗe, an jiƙa, an saɓa, an ɗauraye, amma ga wata inuwa nan mai ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan ɗorawa a gindin farin wando. A nan ne hannu ke kai wa kwalbar Hypo ko Jik, a nan ne kuma ake rasa ido garin gyaran gira. Bilic mai kulorin yana kashe launin da ya fito daga tsiro da abinci da fumfuna, amma ba ya narkar da ƙarfe. Abin da yake yi wa ƙarfe shi ne ya ƙara nuna shi ya zama cikakkiyar tsatsa, sai tabon ya ƙara fitowa kuma ya zauna daram. Ga shi ya faranta kewayen wurin, jan sai ya fi dā bayyana. Mai wankin sai ya ga kamar bilic ɗin ne bai isa ba, ya ƙara, har zaren ya ruɓe, bayan wanki biyu ko uku wurin ya ɓule.

Tsami ne maganin tsatsa. Lemun tsami shi ne mafi kusa da hannu. A tabbatar an ɗauraye sabulu tas daga wurin, don sabulu da kanwa suna kashe kaifin tsami. A matse lemun tsami 2 ko 3, a tace 'ya'yan da ɓargon, a jiƙe tabon sharkaf, a barbaɗa gishiri kaɗan a danna da yatsa. Gishirin yana riƙe ruwan lemun a wurin ne kada ya bazu. Idan farar auduga ce, a shimfiɗa ta a rana minti 20 zuwa 30, ana leƙawa, idan wurin ya fara bushewa a ƙara ɗiga lemun. A hankali jan zai riƙa dusashewa daga gefe-gefe zuwa tsakiya. Sai a ɗauraye da ruwa mai yawa, a sake wankewa da sabulu. Wannan ɗauraya ba abin wasa ba ce: ruwan lemun da ya bushe a auduga aka kuma bi shi da guga yana raunana zare, yana kuma barin nasa tabon mai ruwan ƙasa. Idan inuwar ta ragu amma ba ta tafi ba, a maimaita. Sau biyu ko uku a hankali ya fi sau ɗaya da aka bar riga ta wuni a rana cikin tsami.

Farin khal ma yana yi, kashi ɗaya nasa kashi ɗaya na ruwa, a jiƙa wurin rabin awa, amma bai kai lemun tsami ƙarfi a kan ƙarfe ba. Tsamiya tana da tsami, sai dai ruwanta yana da launi, kada a gwada ta a farin yadi. Shagunan da ke sayar da kayan wanki da guga sukan ajiye maganin cire tsatsa, wanda galibi asid ɗin okzalik ne a cikinsa. Ya fi duk waɗannan kaifi, ɗigo kaɗan kan share tabo cikin mintuna, amma guba ne, yana cin fata, don haka sai da safar hannu, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, a kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Yadi mai launi kuwa, a fara gwada tsamin a wurin da ba a gani, cikin kalmasar ƙasa ko bayan aljihu. A ɗiga, a jira minti 5, a danna farin ƙyalle. Idan launi ya biyo ƙyallen, a haƙura da wannan hanya. Idan bai biyo ba a yi, amma a inuwa, ba a rana ba.

Gargaɗi guda da bai kamata a wuce shi da sauri ba: kada a taɓa haɗa bilic da lemun tsami, ko khal, ko maganin tsatsa, ko ruwan wanke masai. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, kuma a ɗan ƙuntataccen banɗaki tana iya kai mutum asibiti. Idan an riga an sa ɗaya ana so a koma ɗayan, a ɗauraye tufar sau da yawa tukuna, a canza ruwa, a wanke bahon.

Bilic yana da wurinsa, amma a ƙarshe, bayan jan ya tafi, kuma a farar auduga kaɗai. Idan abin da ya rage kore-koren ciyawa ne ko ɗigon fumfuna, a sirka shi da ruwa gwargwadon yadda kwalbar ta ce, a tsoma kayan minti 10, a ɗauraye. Ba a tsiyaya shi kai tsaye a kan tufa. Yana sa nailan ya yi rawaya, yana narkar da ulu da siliki, yana kashe robar ƙugun wando da ta safa. Wanda ke son abin da ya fi sauƙi, ruwan haidurojin da ake saya a kemis don wanke ciwo yana cire ragowar tabon ciyawa ba tare da ya ci yadi sosai ba.

Lakar tasha da ta bakin gareji daban take, don da baƙin mai take haɗe. Alamarta ita ce ko ta bushe ba ta farfashewa, kuma tana barin zobe mai duhu a kewayenta. A ɗiga mata sabulun ruwa na wanke-wanke tun wurin yana bushe, a shafa da yatsa, a bar shi minti 15, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi, sannan a bi sauran matakan. Masu sa kananzir ko fetur suna cire man, amma warin ba ya barin tufa da wuri, kuma a gidan da ake girki a tsakar gida haɗarin gobara ya fi ƙarfin kuɗin wando.

Kowane yadi da halinsa

Shadda ce ta fi ban tausayi, musamman mai tsada irin Getzner da ake saƙawa a Ostiriya. Auduga ce zalla, amma maiƙon nan da ake saye dominsa a fuskar yadin yake, kuma dogon jiƙo da dirza su ne maƙiyansa. Wurin da aka murje da ƙarfi zai dushe, ya fito fili a cikin rana ko da lakar ta tafi. Don haka a shadda a fi ba da ƙarfi ga busarwa da kaɗewa da ruwan buta. Jiƙo kada ya wuce minti 10 zuwa 15, a ruwan sanyi, da sabulu mai laushi. A riƙa danna wurin da soso ko yatsa, kada a matse ta da murɗawa, a shanya a inuwa. Kuma a tsoma rigar gaba ɗaya, don idan gefe ɗaya kawai aka wanke, ruwan yakan bar iyaka a jikin sitacin. Sitaci da bugu za su dawo da yawancin ƙyallin. Idan babbar riga ce mai aikin hannu kuma laka ta taɓa aikin, buroshi ko mai laushi ne yana tsinka zare, a danna da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kawai, ana canza gefen ƙyallen duk lokacin da ya ɗauki datti.

Atamfa mai kyau tana jure wanki, mai araha kuwa ita ce ke zuba, sai a gwada ta tukuna kuma a jiƙa ta ita kaɗai. Leshi, ƙasa takan ɓuya a ramukan aikinsa da ƙarƙashin duwatsun ado, a riƙa tsoma shi ana ɗagawa cikin ruwan sabulu, ba a cuɗa shi. Tufar da aka rina da baba, launinta a bayan zare yake zaune, shi ya sa murza wuri ɗaya take barin fari. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan, babu bilic ko ɗigo. Hula idan ta faɗa caɓi, a bar ta ta bushe a kaɗe, sauran aikin a kai wa masu wankin hula, su ne ke da katakon da za su ɗora ta ta bushe da siffarta.

Yunifom ɗin 'yan makaranta, wanda yawanci haɗin auduga ne da roba, ya fi sakin laka da sauri, amma yana riƙe maiƙo. Gwiwa da mazaunai da bakin hijabi su ne wuraren dubawa. Farar safa a juya ta a wanke ciki da waje, don ƙasa tana tsallakawa ta taru a cikin tafin. Takalmin kambas a cire igiyarsa da shimfiɗar ciki, a buga tafin biyu da juna bayan ya bushe, a wanke da buroshi, sannan a cusa farar takarda ko farin tsumma a ciki a shanya a inuwa. Jarida takan bar tawadarta.

Sitaci, banda kwalliya, kariya ne. Rigar da ta sha sitaci, laka a kan sitacin take sauka, idan aka tsoma ta a ruwa sai su tafi tare. Wanda zai sa fararen kaya da damina, ya sa masu sitaci. Bula kuwa ba ta cire komai, rufe rawaya-rawayar farin yadi take yi a ido, kuma idan aka sa ta a kan jan tabon da bai fita ba, wurin wani toka-toka yake komawa.

Kafin guga

Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabo. Riga takan fito daga ɗauraya kamar ta fita tas, sai ta bushe a ga inuwar tana nan. Saboda haka a bar ta ta bushe a igiya, a ɗaga ta a hasken rana a duba wurin, ba a hasken ƙwan lantarki ba. Idan da saura, a koma jiƙo ko lemun tsami. Zafin dutsen guga, na wuta ne ko na gawayi, yana gasa abin da ya rage ya kama zare, kuma bayan haka aikin ya ninka.

Wannan ne ya sa tsofaffin masu wanki da guga suke tambaya kafin su karɓi kaya. Za ka ji mai wanki ya baza riga a kan tebur, ya kai hanci kusa da wurin, ya ce, “Alhaji, an sa mata Hypo ne a gida?” Idan aka ce a'a, sai ya ce, “To an goge ta bayan abin ya faru?” Amsar waɗannan biyun ce ke nuna masa ko zai yi alkawari ko zai ce, “Ranka ya daɗe, zan gwada dai.” Mai kai wanki ya taimaki kansa ya faɗi gaskiya, ya nuna wurin da yatsa, ya faɗi irin ƙasar da kuma abin da aka riga aka zuba, don kada rigar ta bi layin sauran kaya ta faɗa ruwan bilic.

Tsohon tabon da aka riga aka goge ba lallai ne ya zama na har abada ba. A jiƙa wurin da sabulun ruwa na awa ɗaya don zaren ya saki, a ɗauraye, a bi da lemun tsami ko maganin tsatsa, a maimaita a ranaku daban-daban ana barin yadin ya bushe tsakani. Sau da yawa yakan dushe har sai wanda ya san wurin ne zai gane. Idan ya ƙi, kuma a gindin wando ko ƙasan riga yake, tela zai iya rage tsawon ya kalmashe. Idan a tsakiya yake kuma yadin auduga ne mai kyau, masu rini, irin na Ƙofar Mata a Kano ko masu rinin zamani na unguwa, za su mayar da farar riga shuɗiya. A zaɓi launi mai duhu, don mai haske ba ya rufe tsatsa, kuma a sani zaren roba ba ya shan baba, don haka ɗinkin da tela ya yi da shi zai fito fari a jikin rigar.